Buhu 15, da ragon da ba ni na saya ba

Sana'ata hatsi ce. Ina bin kasuwannin ƙauye ta wajen Malumfashi da Ƙafur da Bakori, in sayi masara da dawa da waken soya, in loda mota zuwa Dawanau a Kano. Mako uku ina can, mako guda ina gida, haka na yi sama da shekara 20. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Dawanau ya san magana ce jari a wurin. Mutum zai bar maka kayan da suka cika tirela, ba takarda ba shaida, ya ce sai ya dawo. Ni ma an sha bar mini, ban taɓa rage ko mudu ɗaya ba. Ina faɗin wannan ne don a gane irin sunan da nake da shi a lokacin da 'yan'uwana na cikin ikkilisiya suka damƙa mini nasu kayan, na cinye.

Shekara 9 ke nan. Na daɗe ina so in rubuta labarin, uwargidana ta ce in dakata sai yaranmu sun yi hankalin da za su ji shi daga bakina, ba daga bakin duniya ba. Bana ta ce in rubuta.

Zumuntar Maza ta ikkilisiyarmu tana da gona, wani dattijo ne ya ba mu aronta. Ran Asabar muke fita gayya, daga huɗa har girbi, mata su aiko mana da kunu da ɗanwake. A shekarar da nake magana damina ta yi albarka, muka sami masara buhu 15. Aka zauna aka yi shawara cewa kada a sayar da kaka, lokacin da hatsi ke arha. A ajiye sai farashi ya ɗaga, sannan a raba kuɗin biyu: rabi a sayi kwano a sake rufin ɗakin fasto, rabi a raba wa gwaurayen ikkilisiya, matan da mazansu suka rasu suka bar su da yara. Da aka zo batun wanda zai ajiye, ko muhawara ba a yi ba. Ni ke da sito a Dawanau, ni na san kasuwa. Shugabanmu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ai kaya sun je gida." Ba wanda ya rubuta komai.

A Kano kuwa akwai wata mai sayar da abinci kusa da masaukina. Ba zan ce in ɓera da sata daddawa ma da wari ba. Ni ne mai aure, ni ne na tsaya gaban jama'a na yi alkawari, ni ne kuma na fara. Abin ya soma da sannu da aiki da ƙarin nama a kan tuwo, ya koma sayen katin waya, ya koma biyan kuɗin haya. Da ribata ta kasa ɗaukar gida biyu, sai na sayar da buhu 2 daga masarar Zumunta. Aro na kira shi, na ce kafin kowa ya tambaya na mayar. Kafin ruwan farko ya sauka babu ko buhu ɗaya a siton.

Daga nan sai ƙarya ta zama abincina. Kasuwa ba ta tashi ba, mu ƙara haƙuri. Ƙwari sun so shiga, an sa magani, sai ya huce. Wani ɗan kasuwa ya ɗauka bashi, yana hanya. Akwai ranar da ba na mantawa, cikin watan Agusta. Na je gaida fasto ana ruwa, na tarar matarsa ta jera robobi uku da tukunya a tsakar ɗaki suna tarar yoyo, ta jawo katifar yara gefe guda ta rufe da leda. Ta yi mini sannu da zuwa da fara'a, ta ce, "Baba, muna ta yi maka addu'a Allah ya kawo kasuwa." Na ce amin. Da bakina na ce amin. Ran Lahadin da ta biyo kuma na miƙa hannu na karɓi gurasa da ƙoƙo a jibin Ubangiji, wato cin da muke yi a coci don tunawa da mutuwar Yesu.

Mai karatu zai ce, to ina bangaskiyar taka? Tana nan, sai dai na mai da ita sabulu. Tun muna yara a makarantar Lahadi aka koya mana Yesu ya mutu domin zunubanmu, ni kuwa na riƙe wannan kamar takardar izini. In na dawo daga wurin matar nan sai in durƙusa in ce jinin Yesu ya wanke ni, gobe in koma. Manzo Bulus ya riga ya san da irina. A Romawa sura 6 ya yi tambaya, ko za mu ci gaba da zunubi ne don alheri ya yawaita, ya kuma amsa da cewa ko kusa. Na san ayar da ka. Ba ta hana ni komai ba.

Da sabulun ya daina kumfa, sai na koma hanyar kakana ba tare da na lura ba. Kakana Bamaguje ne, bai taɓa shiga coci ko masallaci ba har ya mutu. Ina ɗan yaro na ga yana yanka jan zakara a gindin tsamiyar bayan gidanmu, yana zuba jinin a ƙasa, yana magana ƙasa-ƙasa da waɗanda ba ma gani. In yaro ya yi ciwo, yanka. In damina ta yi jinkiri, yanka. Bai taɓa tashi daga gindin itacen nan da tabbacin an karɓa ba. Lallashi yake yi, yana jiran ya ga ko za a ƙyale shi. Ni jikansa, da Littafi Mai Tsarki a hammata, na shiga yin abu iri ɗaya. Na ninka baikon da nake bayarwa a coci. Na riƙa azumin Laraba da Juma'a. Na saya wa ƙungiyar mawaƙa ganga sabuwa, aka yi mini tafi. Ciniki nake yi da Allah, ina ƙoƙarin toshe bakinsa, masarar mutane kuma tana wuyana.

A wannan lokacin ne maƙwabcin shagona, Musulmi ne mai tsoron Allah wanda muka shekara da shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, ya karya wata rantsuwa da ya yi cikin fushi. Na ga ya auna shinkafa yana rabawa. Na tambaye shi, ya ce kaffara yake yi, zai ciyar da miskinai 10. Kalmar ta tsaya mini a rai, domin ita ce ke cikin Littafinmu, kafara. Na dube shi ina jin wani abu kamar kishi. Shi ya san abin da aka ɗora masa, ya auna, ya sauke. Ni ban san mudu nawa zan auna ba.

Muna da wani tsohon mai bishara da ya huta da aiki, kowa Baba yake ce masa. Har yanzu tsohuwar fassarar nan ta 1932 yake riƙewa, mai cewa Yohanna inda tamu ta 1979 ke cewa Yahaya, bangonta ya mutu an ɗinke shi da fata. Makon Ista na shekarar da ta biyo aka ba shi ya koyar da Zumuntar Maza da yamma. Muna zaton zai buɗe labarin gicciye, sai ya ce mu buɗe Littafin Firistoci sura 16, littafin da yawancinmu ke tsallakewa.

Ya bi da mu a hankali, kamar mai nuna wa baƙo iyakar gona. Sau ɗaya ne a shekara, ran 10 ga wata na 7. Haruna babban firist zai ajiye kayan adonsa, ya yi wanka, ya sa tufafin lilin. Kafin ya yi wa kowa komai sai ya yanka bijimi saboda zunubin kansa da na gidansa, domin shi ma ba wankakke ba ne. Sannan a kawo bunsuru biyu a jefa musu kuri'a. Ɗaya a yanka, Haruna ya shiga da jinin bayan labule, cikin hayaƙin turare, inda ba mai shiga sai shi, ya yayyafa a kan murfin akwatin alkawari da gabansa. Ɗayan kuma a tsai da shi da rai. Haruna ya ɗora hannuwansa biyu a kan bunsurun, ya hurta laifofin jama'a duka, da tayarwarsu, da zunubansu, sannan a ba wani mutum ya ja shi can cikin jeji ya sake shi, ya tafi da kayan da aka ɗora masa inda ba kowa.

Baba ya rufe littafin a kan yatsansa ya dube mu. Ya ce, "'Ya'yana, kun ga firist bai yi shiru ya dafa bunsurun ba. Faɗa ya yi. Abin da aka faɗa shi aka ɗora, abin da aka ɗora shi ya tafi jeji."

Ya ci gaba, ya kai mu Ibraniyawa sura 9 da 10, inda aka ce jinin bijimai da na awaki ba ya iya kawar da zunubi, shi ya sa baɗi ma sai a sake, amma Almasihu ya shiga sau ɗaya tak da jinin kansa. Ya tuna mana da cewa a wajen gari aka gicciye shi, kamar yadda ake fitar da gawar dabbobin nan bayan zango a ƙone. Ya tuna mana da labulen Haikali da ya tsage gida biyu, daga sama zuwa ƙasa, ba daga ƙasa inda hannun mutum ke kaiwa ba. Ina jinsa sama-sama. Hankalina ya tsaya a kan magana guda. Shekara ɗaya da rabi ina cewa, "Ya Ubangiji, ka gafarta mana zunubanmu," a dunƙule, cikin jam'i. Ban taɓa cewa masara ba. Ban taɓa kiran sunan matar nan a gaban Allah ba.

Daren Juma'a Mai Kyau, ranar da muke tunawa da gicciye Yesu, na same shi a kan tabarma gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Baba, na zo da magana."

"Ta masara ce, ko ta Kano?"

Jikina ya mutu. Na ce, "Duka biyu, Baba."

Bai yi mini faɗa ba. Ya bar ni na faɗi komai, tun daga ƙarin naman har ganga. Da na gama ya miƙo mini littafinsa ya ce idonsa ba ya gani da dare, in haska fitilar wayata in karanta masa Firistoci sura 6 daga farko. Ban san akwai wannan wurin ba. Maganar mutumin da ya ci amanar ɗan'uwansa ce a kan abin da aka ba shi ajiya, ko jingina, ko abin da ya ƙwace, ko tsintuwar da ya yi ƙarya a kanta. Wurin ya ce irin wannan mutum amanar Ubangiji ya ci. Ya mayar da abin cif, ya ƙara humushi a kai, wato kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mai shi a ranar da zai miƙa hadayarsa. Ya kuma kawo rago marar lahani wurin firist, a yi kafara dominsa, a gafarta masa.

Baba ya ce, "Abu nawa ka ji?"

Na ce uku. Uwar kaya, humushi, da rago.

Ya ce, "To, ɗana, ragon an riga an yanka shi, yau ma ranar tunawa da shi ce. Ba kai ka saya ba, ba ka da kuɗinsa, ko ka sayar da Dawanau duka. Kai kuwa ka ɓata shekara kana neman sayen rago da baiko da azumi, ka bar masarar mutane. Ka juya abin. Bar wa Allah abin da ya riga ya biya, ka je ka biya naka. Humushin 15 nawa ne?"

Na ce 3.

Ya ce, "Buhu 18 ke nan. Amma kafin masara, akwai wadda ka fi ci wa amana. Tashi ka je gida."

Na yi ta tunani daga baya a kan abin da ya ba ni ƙarfin tashi daga tabarmar nan. Ba tsoro ba ne. Tsoro na sha shi har na ƙoshi, shi ne ma ya riƙa koya mini sabuwar ƙarya kowane wata. Abin da ya canza shi ne na ga hukunci mafi girma, wanda nake gudu, ya riga ya faɗa kan wani. In haka ne, me ya rage da zan ɓoye wa? Kunyar mutane ce kawai ta rage, ita kuwa tana da zafi amma ba ta kisa.

Da safe na sami uwargida a tsakar gida tana tankaɗe. Na jawo kujera na zauna nesa kaɗan. Na ce, "Uwargida, ina da magana." Ba ta ɗago ba, rariya na ta kaiwa da komowa a hannunta. Na faɗa mata batun Kano. Ta ce, "Maigida, tun ranar da ka fara zagayawa gindin rumbu kana amsa waya na sani." Sai na faɗi batun masara. Nan ne rariyar ta tsaya. Ta dube ni ta ce, "Har da hatsin matan nan? Har da na mai yara biyar ɗin nan da muke ba ta ragowar tuwo?" Ta kakkaɓe garin da ke hannunta, ta shiga ɗaki, ta ɗaure kayanta. Mako uku ta yi a gidan yayanta. Sau biyu ina zuwa biko ana maido ni, a na uku kawunta ya sa baki ta dawo.

Dawowa ta yi, ba yafewa ba, a lokacin. Ina so maza 'yan'uwana su ji wannan da kyau, domin na ga ana yin wani abu a cikinmu da ke ƙona mini rai. Namiji zai yi ɓarna shekara da shekaru, ran da asiri ya tonu ya yi kuka na minti goma gaban dattawa, sannan ya juya kan matarsa da aya: ai Yesu ya ce a yafe bakwai sau saba'in. Har wasu shugabanni su taya shi, a ce mata ta yi haƙuri, kamar ita ce mai laifin. Wannan ɗaukar gicciye ne a mai da shi sanda. Allah ya gafarta mini a daren nan, ban yi shakka ba. Amma ba ni da ikon sa wa matar da na yaudara ranar da zuciyarta za ta huce. Ta yi kusan shekara biyu kafin ta sake yin dariya da ni irin ta da. Abincina bai taɓa yankewa ba, wankina bai taɓa tsayawa ba, amma in na shigo ɗaki hira ta mutu. Na ci wannan shirun, kuma daidai ne in ci shi.

Gaban dattawan ikkilisiya na maimaita komai. Aka sa ni ƙarƙashin horo wata 6: bencin baya, ba jibin Ubangiji, ba riƙe wani muƙami. Ran Lahadin da aka sanar, babban ɗana yana zaune cikin matasa, shekararsa 14. Na ga ya sunkuyar da kai har aka tashi. Annabi Natan ya gaya wa Dawuda cewa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba, amma a wannan zaman ne ya gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba. A da ina ganin maganganun biyu suna karo da juna. Yanzu na san suna zama a gida ɗaya. Yaron ya girma, muna shiri, yana neman shawarata. Duk da haka akwai wani kallo da yake mini yana ƙarami wanda bai dawo ba.

Matar Kano ma na je wurinta, da wani ɗan'uwa a gefena, da rana tsaka. Ita ma na cuce ta, domin na bar ta tana zaton zan aure ta. Na gaya mata gaskiya, na roƙi gafararta, na biya sauran hayar da na yi alkawari, na bar unguwar. Ta zage ni, ban ga laifinta ba.

Sai biyan masara. Lokacin hatsi ya yi tsada, buhu 18 ba wasa ba ne. Na sayar da babur ɗina, na haɗa da ɗan jarin da ya rage, na sami 13. Ina ta juyayin sauran 5, sai ran kasuwa na ga yaranmu sun fito da raguna biyu da uwarsu ke kiwo. Wata bakwai tana ba su dusa da harawa, tana jiran kasuwar Babbar Sallah ta sayar ta biya kuɗin makaranta. Tun kafin lokaci ta sa aka kai su, aka saya da arha. Da yamma ta ajiye kuɗin a kan tabarma gabana, ƙulle cikin leda. Ta ce, "Ba don kai ba. Don matan nan ne, kada su ƙara kwana suna jira." Ta juya ta tafi.

Na daɗe ina kallon ledar nan. Tun ina yaro nake jin Ishaya sura 53, cewa an yi masa rauni saboda laifofinmu, hukuncin da ya kawo mana salama a kansa ya sauka. A kunne kawai nake ji. Ranar ce na ga yadda abin yake da idona: wanda bai ci ba shi ya biya. Ba ina cewa matata mai ceto ba ce, ba kuma ina cewa wajibin kowace mace ne ta yi haka ba, ko kaɗan. Abin da na gane shi ne ba gafarar da ke zuwa kyauta ga kowa da kowa. In ta zo maka kyauta, to wani ne ya ji zafinta. Ni kuwa na yi shekara da rabi ina ambaton jinin Yesu kamar ruwan rijiya ne.

Da kaina na kai wa gwaurayen rabonsu a amalanke, gida gida. Wata tsohuwa a cikinsu ta sa aka kawo mini ruwa a moɗa, ta jira na shanye, ta ce, "Ɗana, Allah ya sa ka ɗore." Ba ta ƙara komai ba.

Ɗorewar ita ce aikin. Kada wani ya ɗauka sha'awa ta mutu ran da na tuba. Har gobe ina kwana a Kano ni kaɗai, har gobe akwai masu fara'a a bakin hanya. Na dai canza abubuwa. Ɗaki ɗaya muke haya da 'yan'uwa biyu daga garinmu. Wayata ba ta da makulli, a hannun uwargida take kwana in ina gida. Ta san abin da na saya da abin da na sayar. Ba na wuce mako biyu ban dawo ba, ko da riba za ta ragu. Amma waɗannan shinge ne kawai, shinge kuwa akuyar da ta yi niyya tana tsallake shi.

Abin da ya fi riƙe ni wata kalma ce da muka daɗe muna rerawa a coci ba mu san nauyinta ba sai a 'yan shekarun nan: fansa. Yanzu a jihar Katsina ba yaron da bai san kuɗin fansa ba. Na san wani mutum da aka ɗauke a gona. 'Yan'uwansa suka sayar da gonar gado da shanun huɗa, aka bi gida gida ana karo-karo, kafin aka sako shi. Na je yi masa barka, ya rame ƙafafunsa duk tabon ɗauri. Ana ta hira shi yana shiru, can ya ce, "Ni yanzu ba nawa ba ne. Duk abin da na samu har in mutu na mutanen nan ne." Ba wanda ya ɗora masa wannan, ba wanda ya ce bashi ne. Shi ne ya san abin da aka rabu da shi don ya kwana a ɗakinsa. Ko ka ba shi duniya ba zai koma dajin nan da ƙafarsa ba. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa, a wasiƙarsa ta farko sura 6, daidai inda yake gargaɗinsu a kan fasikanci, cewa su ba na kansu ba ne, sayensu aka yi da tamani. In dare ya yi a Kano zuciya ta fara kawo mini tsohon zance, fuskar mutumin nan nake tunawa.

Akwai kuma ayar da ake karanta mana ran ɗaurin aure, Afisawa sura 5. Mu maza mun haddace aya 22, wadda ta ce mata su yi biyayya ga mazansu, muna jawo ta ko a kan gishirin miya. Aya 25 ce ba ma so a daɗe a kanta, inda aka ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da kansa dominta. Ma'aunin da aka ba namiji ke nan, gicciye. Ba a kuma ce sai in ta cancanta ba, domin Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi ya mutu dominmu. Annabi Malakai ya faɗa wa mazan zamaninsa dalilin da ya sa suke jiƙa bagade da hawaye Allah bai karɓi baikonsu ba: shi ne shaida tsakaninsu da matan ƙuruciyarsu da suka ci wa amana. Da na ga wannan sai na tuna da gangar da na saya.

Bara, bayan girbi, Zumunta ta sake zama a kan batun ajiya. Tun abin da ya faru an koyi rubutu: littafi guda, sa hannun mutum uku, kwaɗo biyu a ƙofar sito. Na goyi bayan wannan tun farko, har yau ina goyon baya. Da aka zo zaɓen wanda zai riƙe makulli ɗaya, Baba, wanda yanzu sai an riƙe masa hannu yake zuwa taro, ya kira sunana. Ɗaki ya yi tsit. Wani ya yi gyaran murya zai yi magana. Baba ya ce a buɗe Yahaya sura 21. Ya ce Bitrus a bakin wutar gawayi ya yi musun Ubangijinsa sau uku, a bakin wutar gawayi kuma Ubangiji ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, sannan bai ce masa je ka zauna a baya har abada ba, tumakinsa ya ba shi kiwo. Aka kaɗa kuri'a. Ba kowa ne ya ɗaga hannu ba, mutum huɗu sun ƙi, kuma ina ganin girmansu.

Na kawo makullin gida na nuna wa uwargida. Ta juya shi a tafin hannunta, ta samo wani zare mai ƙarfi ta zura, ta rataye shi a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakinta. Ta ce duk ran da za a buɗe sito in zo in karɓa a wurinta.

Makon jiya muka je ƙidayar buhuna, ni da mai riƙe da ɗaya makullin da wani matashi da ke rubuta mana, bai fi shekara uku da aure ba, yana aikin gini a Abuja. Mun gama, mun sa hannu, abokin aikina ya hau kekensa ya tafi. Yaron bai tafi ba. Ya tsaya yana ta buɗe littafin yana rufewa, yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Baba, ina da magana, amma ban san ta inda zan fara ba."

Na kwantar da buhu ɗaya na ce ya zauna.